Jirgin ruwa mai tafiya da iska: wanne ya dace da ruwan Legas?

Duk wanda ya kai ga tunanin sayen jirgin ruwa mai tafiya da ƙyallen iska a Legas, irin matsakaicin nan mai tsawon mita 10 zuwa 12 da mutum zai kwana a ciki da iyalinsa, za ka tarar sunaye huɗu ne ke yawo a bakinsa. Akwai Sun Odyssey 349 na kamfanin Jeanneau da ke Faransa, akwai Cruiser 37 na Bavaria da ke Jamus, akwai tsohon Hallberg-Rassy 36 na ƙasar Suwidin, sai kuma Lagoon 380, jirgi mai ciki biyu, wato jiki biyu a jere da aka haɗe su, da ake kira katamaran. Dukkansu jirage ne na kirki, kuma kowannensu ya sha ratsa manyan tekuna. Matsalar ita ce mafi yawan abin da aka rubuta a kansu, mutanen Turai ne suka rubuta wa junansu, masu fama da sanyi, masu tashar ajiye jirgi a kowane gari, masu shagon kayan gyara a bakin ƙofa. Mu kuwa ruwanmu daban, ranarmu daban, kuma ƙaramin roba in ya lalace sai an jira shi daga ƙetare, a biya da dala ko yuro.

Ra'ayina tun farko shi ne: a Legas ba kyan ɗakin kwana ko sunan kamfani ke yanke hukunci ba. Zurfin da jirgi ke bukata, yadda yake jure zafi, da sauƙin fitar da shi daga ruwa a gyara, su ne alƙalai. In aka bi ta nan, jirgin da ya fi kowanne daraja a idon Turawa shi ne zai fi wahalar da mai shi a nan.

A fara da inda za a tuƙa shi. Mutane da yawa suna kallon taswira su ga faɗin lagun, wato babban tafkin nan na Legas da ke haɗe da teku, su ɗauka duk nasu ne. Ba haka ba ne. Jirgi mai wannan girma sandarsa ta tsakiya, wadda ake ɗaura ƙyallen a jikinta, tana tashi mita 15 ko fiye daga fuskar ruwa. Hanyar shiga babban lagun daga tashar jiragen ruwa ta bi ta ƙarƙashin gadar Eko, da ta Carter, da Third Mainland, ta ɗaya ɓangaren kuma mashigin Five Cowrie yana da nasa gadojin, har da ta Falomo. Ba don masu doguwar sanda aka gina waɗannan gadoji ba. Ko an wuce su ma, lagun ɗin kansa ba shi da zurfi a mafi yawan wurare, ga tarun masunta da turakunsu, ga masu haƙar yashi da ke sauya ƙasan ruwa kullum. Saboda haka filin wasanka na gaskiya shi ne cikin tashar, daga gaban Lagos Yacht Club, kulob ɗin masu jiragen ruwa na shaƙatawa wanda aka kafa tun 1932, zuwa Tarkwa Bay. Sai mashigin Badagry da ya bi ta gefen Tin Can da Snake Island ya nufi Ibeshe da Ilashe. Sai kuma buɗaɗɗen teku in ka fita ta tsakanin katangun dutsen nan biyu, na gabas da na yamma, da Turawan mulkin mallaka suka fara ginawa a farkon ƙarni na 20 don kare bakin tashar daga yashi.

Tsakiyar hanyar, inda manyan jiragen Apapa ke bi, tana da zurfi ƙwarai, amma ba naka ba ce. Jirgin kwantena ba ya iya kauce maka, kai ne za ka matsa gefe, kuma gefen nan ne ruwa ke ƙarewa. A nan maganar kil ke shigowa, wato farantin ƙarfe mai nauyi da ke rataye a ƙarƙashin jirgi yana hana shi kifewa. Sun Odyssey 349 yana zuwa da kil iri uku: mai zurfin mita 1.98, gajere mai mita 1.49, da kuma wanda ake ɗagawa da saukewa, daga mita 1.26 zuwa 2.54. Bavaria Cruiser 37 yana bukatar kusan mita 2, ko wajen 1.6 in gajeren aka sa masa. Hallberg-Rassy 36 mita 1.70 ne, ba zaɓi. Lagoon 380 kuwa mita 1.15 ya ishe shi. Bambancin rabin mita kamar ba komai ba ne a takarda. Amma cikowa da janyewar teku a Legas duka-duka bai wuce kimanin mita guda ba, don haka in ka zauna a kan taɓo, babu wani ƙarin ruwa mai yawa da zai zo ya ɗaga ka. Rabin mitar nan shi ne bambanci tsakanin jefa anka kusa da gaɓa inda yara za su sauka, da tsayawa can nesa inda kwale-kwalen haya masu gudu ke girgiza ka har dare.

Daga cikin ukun na Jeanneau, ni gajeren kil ɗin da ba ya motsi nake so. Wanda ake ɗagawa abu ne mai daɗi, yana ba ka zurfi a teku da sauƙi a mashigi, amma famfon mai ne ke motsa shi, kuma duk abin da ke motsi a ƙarƙashin ruwa mai ɗumi irin namu yana tara ƙananan halittun nan masu ɓawo da ke mannewa a jikin jirgi. Ranar da ya cije, sai ka nemi wanda ya taɓa buɗe irinsa.

Yanzu ga Hallberg-Rassy, wanda na san zuciyar mutane da yawa tana can. Ba zan rage masa komai ba. Germán Frers ne ya zana shi, an ƙera shi a Ellös da ke tsibirin Orust daga 1989 zuwa 2003, wajen guda 600. Nauyinsa tan bakwai da rabi, kil ɗinsa na darma ne ba baƙin ƙarfe ba, don haka ba ya tsatsa, kuma in ya daki wani abu darma tana shanye dukan maimakon ta miƙa shi duka ga jikin jirgi. Wurin zaman tuƙi yana tsakiya, a kewaye, da gilashi a gaba mai tare iska da feshin ruwa. In taguwa ta tashi, tafiyarsa a natse take, ba ya tsalle. Aikin katakon cikinsa kuwa sai wanda ya gani. Wanda zai bar Legas ya nufi Dakar ko tsibiran Kanari, daga cikin huɗun nan shi zan ce ya hau.

To amma a tambayi kai, don wace ƙasa aka yi shi? Gilashin da ke kare ɗan Suwidin daga sanyi shi ne zai tare maka iskar da kake nema a watan Maris. Tagoginsa ƙanana ne. Kuma kusan dukkansu an shimfiɗa musu katakon tik a saman bene. Na taɓa hawa wani jirgi mai irin wannan bene da azahar, wani yaro ya cire takalmi kamar yadda aka saba in za a hau jirgin mutane, bai yi taku uku ba ya koma da gudu yana ɗaga ƙafa. Katakon yana shan rana ya riƙe, ya sauke zafin cikin ɗakin da ke ƙasa. Wannan ma ƙaramar magana ce. Babbar ita ce shekaru: mafi ƙuruciyar waɗannan jirage ya haura shekara 20 yanzu, kuma benen tik na wancan zamani da ɗaruruwan sukurori aka kafe shi. In katakon ya sirance, baƙin roban da ke tsakanin layukan ya tsattsage, ruwan damina zai bi ramin sukurori ya shiga. Damina a Legas kuwa ba wasa ba ce, daga Afrilu har Oktoba ana abu ɗaya. Sauya benen gaba ɗaya aiki ne da kan cinye kaso mai tsoka na kuɗin jirgin kansa, ko a Turai. Sannan nauyin da ke ba shi natsuwa a guguwa shi ne ke sa shi kasala a lokacin hunturu, sa'ad da iska ke mutuwa, hazo ya rufe gari, sai ka ga kana tafiya da inji alhali don ƙyalle ka saye shi. Wanda zai yi yawon Asabar da Lahadi tsakanin Tarkwa Bay da Ilashe, ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai mora ba, ya kuma gaji wahalar tsufan da ba shi ya ci ƙuruciyarsa ba.

Lagoon 380 shi ne kishiyar wannan. An fara ƙera shi a 1999, zanen ofishin VPLP na Faransa, kuma yana cikin katamaran da aka fi sayarwa a duniya. Tsawonsa mita 11.55, faɗinsa mita 6.53. Falonsa a sama yake, daidai da wurin zama na baya, tagogi a tsaye kewaye da shi, iska na ratsawa. Ba ya karkata gefe in iska ta cika ƙyalle, kofin shayi yana zaune inda ka ajiye shi. Ga iyali irin namu kuma yana da wani abu da sauran ba su da shi: ciki biyu ne, kowanne da matakalarsa, da ɗakunansa, da banɗakinsa. Mata da yara su ɗauki ɓangare guda, maza su ɗauki ɗayan, ba mai ratsa wani. Wurin shimfiɗa darduma ma ba ya wuya, mutum biyu ko uku za su yi jam'i a baya ba tare da an naɗe ƙafa ba, abin da a jirgi mai ciki ɗaya sai an yi dabara.

Na ga yadda wannan ke sauya lissafi. Wani dattijo da ke harkar canji, da ƙaninsa da ke aikin fitar da kaya a Apapa, sun haɗa kuɗi suna neman jirgi. Ƙanin ya riga ya ƙwallafa rai a kan mai ciki ɗaya. Aka kai su ganin wani katamaran tare da uwargidan babban. Ta sauka ɓangaren hagu, ta rufe ƙofa, ta buɗe, ta leƙa banɗaki, ta fito ta ce, "Alhaji, in wannan ne zan riƙa zuwa. Wancan na jiya kuwa ku je ku kaɗai." Ƙanin ya ce, "Yaya, ka dai tambayi inda za a ɗaga shi kafin ka amsa wa Hajiya." Dukkansu biyun gaskiya suka faɗa, kuma maganar ƙanin ita ce wadda masu saye suka fi mantawa.

Jirgi a ruwan Legas dole ya fito tudu akai-akai. Ruwan da ɗumi, ga datti, ciyayi da masu ɓawo suna girma a jikinsa da sauri, fentin da ke hana su mannewa kuma da wuya ya wuce shekara yana aiki sosai. Jirgi mai faɗin mita uku da rabi, wurare da dama za su iya ɗaga shi ko su ja shi a kan tirela. Mai mita shida da rabi sai wuri na musamman, ko a ɗauko babban injin ɗaga kaya na haya, da direbansa, da kuɗin hanyarsa. Wurin ɗaure shi ma ninki ne. Injinsa biyu, farfela biyu, batir da famfo da matatar mai duk biyu-biyu. Inji biyu alheri ne in kana juyawa a wuri mai matsi ruwa yana jan ka, domin kana iya juya shi a inda yake tsaye, kuma in ɗaya ya mutu ɗayan zai kai ka gida. Amma duk abin da za ka yi oda daga waje, sau biyu za ka biya. Kuɗin sayensa kuma ya fi na mai ciki ɗaya sa'ansa nesa ba kusa ba, haka kuɗin ɗauko shi a kan babban jirgi, tunda da faɗi da tsawo ake lissafi. Wanda ya nace wa katamaran, ya leƙa Afirka ta Kudu ma, domin a Cape Town kamfanin Robertson and Caine ke ƙera jiragen Leopard, ba lallai sai Turai ba.

Akwai kuma halinsa a teku, wanda ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Iskar Legas mafi yawan shekara daga kudu maso yamma take busowa, igiyar ruwan gaɓar Gini kuma gabas take ja. Ma'ana, in ka ce za ka Kwatano, tafiyar kusan mil 60 na teku, iska da igiyar ruwa duka a goshinka suke a tafiya, sai a dawowa su tura ka. Lagoon 380 ba gwanin shiga cikin iska ba ne, ƙananan kil ɗinsa ba sa riƙe ruwa kamar dogon kil, don haka zai yi ta zamewa gefe, ka ƙare da kunna inji. A bakin tashar kuma, lokacin da ruwan lagun ke fita da ƙarfi ya ci karo da taguwar da ke shigowa, musamman a tsakiyar damina, ruwa kan tsaya cirko-cirko, ya riƙa dukan ƙasan falon da ke tsakanin cikin biyu da ƙara mai firgita baƙo. Sai hadarin farkon damina da na ƙarshenta, wanda ke tasowa daga gabas cikin 'yan mintoci. Jirgi mai ciki ɗaya in iska ta fi ƙarfinsa karkatawa yake yi, iskar ta zube daga ƙyalle, nauyin kil ya dawo da shi tsaye; karkatawar kanta gargaɗi ce. Katamaran ba ya yin wannan gargaɗin. Dole matuƙi ya rage ƙyalle tun yana hango baƙin hadari, ba sai ya ji a jikinsa ba. Ga sabon shiga, wannan darasi ne da ya kamata a koya masa tun ranar farko.

Saura biyun da ke tsakiya, kuma a nan ne zaɓin ya fi wuya, domin kusan 'yan gida ɗaya ne: jiragen faiba da ake ƙerawa da yawa a masana'anta, masu faɗin baya, masu haske a ciki, masu tagogin sama da yawa. Sun Odyssey 349 ya fito a 2014, zanen Marc Lombard, tsawonsa mita 10.34, faɗi 3.44, nauyi bai kai tan biyar da rabi ba. Bavaria Cruiser 37 zanen ofishin Farr ne, mita 11.30 da faɗin 3.67, ya fi shi nauyi da fili. In ka shiga Bavaria bayan ka fito daga Jeanneau za ka ji bambancin mita gudan nan a tsayin rufi, da girman banɗaki, da wurin ajiye kaya. Mai 'ya'ya huɗu ko biyar zai ji shi sosai.

Jeanneau kuma ya fi sauƙin sarrafawa ga mutum ɗaya da yaro mai taimaka masa. Rashin nauyinsa yana sa shi motsi ko da iska kaɗan ce, abin da ake bukata a watannin hunturu. Farantan juya shi biyu ne a baya maimakon ɗaya, don haka ko ya karkata yana riƙe hanya, sitiyari ba ya ƙwacewa. Amma wannan ma yana da farashinsa a Legas. Farantai biyun ba sa ɓuya a bayan kil, a fili suke, kuma ruwanmu cike yake da leda, da buhuna, da igiyoyi, da gungumen itace, da ciyawar nan mai yawo kamar kainuwa da ke toshe mashigai in ruwan lagun ya yi daɗi bayan damina. Duk abin da ya zo wucewa yana iya maƙalewa. Kuma tunda farfela ba ta hura ruwa kai tsaye a kansu, jirgin ba ya jin sitiyari sai ya ɗan ɗauki gudu, abin da ke ba sabon matuƙi wuya wajen matsawa jikin gadar da ake ɗaure jirgi.

Inda na fi ba Jeanneau maki shi ne yadda injin ke haɗuwa da farfela. Nasa ƙaramin Yanmar ne mai ƙarfin doki 21, da sandar ƙarfe miƙaƙƙiya da ta fita ta ƙasan jirgi, tsohuwar dabara wadda duk makaniken jirgin ruwa a Legas ya sani. Bavaria, haka ma Lagoon, suna amfani da wata ƙafa ta alminiyam da ke sauka ta wani babban rami a ƙasan jirgi, an toshe ramin da faifan roba. Tana da shiru, ba ta girgiza, amma kamfanin Volvo Penta da kansa ya ce a sauya wannan roba duk shekara bakwai, kuma aikin sai an fito da jirgi tudu an matsar da inji. Ƙafar alminiyam ce a cikin ruwan gishiri, abin da ke kare ta daga cinyewa gutsuren tutiya ne da ake ɗaura mata. In ya ƙare ba a lura ba, ko wutar lantarkin gaɓa da aka jona wa jirgi tana yoyo, ƙafar ce za ta fara narkewa. Ruwan da ke sanyaya inji ma ta ƙananan ramukan jikinta yake shiga, leda guda ta isa ta rufe su. Wanda ya san yadda wayoyin wuta suke a wasu gadojinmu na ɗaure jirage zai fahimci dalilin da ya sa nake tsoron wannan.

Sai dai Bavaria yana da nasa abin kariya. Injin da aka fi sa masa, Volvo Penta D1-30, tushensa injin Perkins ne, kuma Perkins ba baƙo ba ne a ƙasar da kowane kamfani ke da janareto. Makaniken da ya saba da ƙananan janareton dizil ba zai tsaya yana kallonsa ba. Ɓangaren da ya shafi ruwan teku ne kaɗai, irin su famfon ruwa da tukunyar sanyaya, za a riƙa nemowa daga waje. Ko wanne ka saya dai, ka sa masa matatar mai mai raba ruwa da dizil, babba, a inda hannu ke kaiwa, ka kuma ajiye 'ya'yanta da yawa. Injin jirgi a nan ya fi mutuwa saboda gurɓataccen mai fiye da tsufa, kuma yakan zaɓi mutuwa a bakin tashar, lokacin da taguwa ta girgiza tanki ta tayar da dattin da ya kwanta.

Ruwan sha ma abin dubawa ne. Tankin Jeanneau na asali kimanin lita 200 ne. Ga Bature da matarsa ya isa kwanaki. Ga gidan da mutum shida za su yi alwala sau biyar, a dafa abinci, a wanke yara daga gishiri, kwana biyu ya yi yawa. Ana iya ƙara tanki na biyu, kuma in kana duba na hannu ka tambaya ko an sa.

Wani zai ce ina Ovni, jiragen alminiyam na kamfanin Alubat, waɗanda ke ɗage farantinsu gaba ɗaya su shiga ruwan da bai kai mita ɗaya ba, har su zauna a kan yashi? Don mashigin Badagry kam babu kamarsu. Amma tsada gare su, ba su da yawa a kasuwa, kuma abin da na faɗa game da wuta mai yoyo da alminiyam a nan ya shafi jikin jirgin duka, ba ƙafar inji kaɗai ba.

Kusan duk wanda zai saya daga Legas na hannu zai saya, kuma mafi arha su ne waɗanda kamfanonin haya suka sallama a Girka da Kuroshiya bayan wasu shekaru. Bavaria da Jeanneau sun cika wannan kasuwa. Ba laifi ba ne a saye su, amma a san cewa baƙi ne suka yi ta tuƙa su mako-mako, wasu ba su iya ba, kuma ba kowane karo da dutse ake rubutawa ba. Jiragen faiba na zamani kil ɗinsu da manyan kusoshi aka ɗaure shi a jikin wani ƙashi da aka manna a cikin jirgi. In kil ya daki ƙasa da gudu, mannin yana iya rabuwa ba tare da an gani daga waje ba. A 2014 wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki, ƙirar Beneteau First 40.7, ya rasa kil ɗinsa a tsakiyar Atlantika, mutum huɗu suka rasu, kuma masu binciken Ingila sun nuna cewa karon da ya taɓa yi da ƙasa a baya na iya zama sanadin raunin. Saboda haka kar ka tura ko sisi sai ƙwararren mai binciken jirage, wanda kai ka ɗauka ba dillali ba, ya sa an ɗaga jirgin, ya ɗaga allunan ƙasa, ya duba kewayen kusoshin, ya ƙwanƙwasa jiki yana sauraro, ya auna damshin faiba. Ya duba shekarun wayoyin ƙarfen da ke riƙe da sanda, domin kamfanonin inshora da yawa suna so a sauya su in sun kai shekara goma. Duk abin da ya kamata a sauya, a sauya shi can kafin jirgin ya taso. Abin da za a yi a mako guda a Faransa yana iya cin wata uku a nan ana jiran kaya.

Game da kawo shi, hanya biyu ce: a ɗora shi a kan babban jirgi zuwa Apapa ko Tin Can, ko a tuƙo shi ta gaɓar Afirka ta Yamma. Ta biyun tana da daɗin ji, amma sai an yi maganar tsaro. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su. Abin ya ragu ƙwarai bayan dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 da shirin tsaron teku na Deep Blue da hukumar NIMASA, mai kula da sufurin jiragen ruwa a Nijeriya, ta ƙaddamar a 2021, amma kamfanonin inshora ba su saki jiki ba, kuma ƙaramin jirgi mai tafiyar mil shida a awa ba ya tsere wa kowa. Ka nemi amsar mai inshora a rubuce kafin ka yanke. Ka kuma zauna da wakilin kwastan da ya taɓa fitar da jirgin shaƙatawa, ba mota ba, ya lissafa maka haraji tun kafin ciniki, sannan ka san abin da NIMASA, da NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, da takwararta LASWA ta jihar Legas kowacce ke bukata na rajista da izini.

In aka tambaye ni kai tsaye, ga mutumin da zai fara, mai iyali matsakaici, wanda yawonsa tashar Legas ne da Ilashe da fita teku in rana ta yi kyau, Sun Odyssey 349 mai gajeren kil zan nuna masa, mai farin bene ba katako, a ɗinka masa rumfar tamfol daga sanda har baya, a sa sola da fankoki. Masu ɗinkin tamfol da masu waldar ƙarfe mara tsatsa muna da su a Legas, wannan ɓangaren ba sai an jira Turai ba. In gidan ya fi haka yawa, Bavaria mai gajeren kil, da sharaɗin a sauya roban ƙafar inji kafin ya baro can, a kuma riƙa sa mai nutso yana duba tutiyar. Lagoon na mai ƙarfin aljihu ne wanda iyalinsa ba za su hau wani ba, kuma shi ma kar ya biya kafin ya je da ƙafarsa wurin da za a ɗaga jirgin, ya auna faɗin wurin da tef, ya ji kuɗin daga bakin mai wurin. Wanda bai taɓa kwana a kan ruwa ba kuwa, kafin duk wannan ya nemi shiga cikin masu taya tuƙi a kulob na tsawon damina ɗaya, ya fita bakin tashar a watan Yuli tare da wanda ya iya, ya ɗauki Hajiya ko sau ɗaya ne, sannan a buɗe maganar kuɗi.